Daga Baki Zuwa Huhu

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a shafin Hausa na wannan mujalla tamu, in gaya wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu wani abu da na koya cikin hutun da ya wuce. A gindin gadon asibiti na koye shi, kuma saura kaɗan rashin saninsa ya jawo wa gidanmu asarar da ba ta da mayarwa.

Ga yadda abin ya faru. Kawuna, wan mahaifiyata, dattijo ne mai shekara wajen 70. Ran nan ya zame a bakin rijiya ya faɗi, ya karye a kwatangwalo. Aka kai shi asibiti aka yi masa aiki. Da ya ke ina hutu, sai dangi suka ce ni zan zauna da shi. Na kuwa yi iyakar ƙoƙarina. Ni ke kawo abinci, ni ke sayo magani, ni ke wanke kwanuka, in zafi ya yi in yi masa fifita. Har kwana biyar ko wane likita ya zo sai ya ce ƙafa tana kyau.

A rana ta shida sai zazzaɓi ya rufe shi. Ya soma tari, numfashinsa ya koma sama-sama, kafin magariba ya ruɗe har ba ya gane ni. Likita ya auna ƙirjinsa, aka ɗauki hoto, ya ce ciwon huhu ne, watau abin da mutanenmu ke kira ciwon haƙarƙari, a asibiti kuwa a ce limoniya. Abin ya ɗaure mini kai. Ƙafa muka kawo, me ya gama ta da huhu? Na ɗora laifin a kan fanka da iskar taga.

Da dare wata Sista dattijuwa ta zo duba shi. Ta buɗe bakinsa ta haska da tocila, ta ce, "Ɗana, matso ka gani." Na duba, na ga harshe ya yi fari fat ya bushe, ga dauɗa ta kwanta a gindin haƙora, ga wari. Ta ce, "Yaushe rabonsa da asuwaki?" Na yi shiru, don na san amsar. Tun ranar da ya faɗi ba wanda ya taɓa bakin nan, ga shi kuwa mutum ne wanda a gida ba a raba aljihunsa da asuwaki. Ta ce, "Ban ce wannan kaɗai ya kawo ciwon ba. Amma ka sani, abin da ke cikin bakin nan, shi ke gangarawa huhu."

Allah ya yi Kawu yana da sauran kwana. Ya sha allurai, ya tashi, amma kwanciyar da aka ce ta mako biyu ce sai da ta kai wata guda da 'yan kwanaki, kuɗin da aka tanada kuwa ya ƙare har aka sayar da tumaki. Tun daga nan na dinga tambayar ma'aikatan asibiti, ina kuma karanta abin da na samu. Ga abin da na tattara.

Wane irin ciwo ne wannan?

Likitoci sun raba ciwon huhu gida biyu bisa ga inda mutum ya same shi. Akwai wanda ya kama mutum yana gida, shi ya sa ma aka kawo shi asibiti. Akwai kuma wanda ya same shi bayan an kwantar da shi sabo da wata cuta dabam. Ƙa'idarsu ita ce, in ciwon ya bayyana bayan mutum ya yi sa'a 48 ko fiye a asibiti, kuma bai zo da shi ba, to, na asibiti ne. Wannan na biyu shi ya kama Kawu. Yana cikin cututtukan da suka fi kama mutane a gadon asibiti ko ina a duniya, yana kuma cikin waɗanda suka fi kisa. Dalili biyu ne. Na ɗaya, ya kan sami jiki ya riga ya raunana. Na biyu, ƙwayoyin cutar da ke zaune a asibiti sun saba da magunguna, da yawansu ba sa jin maganin da a ke fara bayarwa.

Hanya biyu a maƙogwaro

Duk wanda ya taɓa ƙwarewa da ruwa ya san farkon bayanin nan. A maƙogwaron mutum hanya ta rabu biyu. Ta gaba ita ce ta iska, tana gangarawa huhu. Ta baya ita ce ta abinci, tana gangarawa ciki. A bakin hanyar iska akwai wani ɗan murfi na guringuntsi wanda ke rufewa duk sa'ad da muka haɗiye wani abu. In ɗigon ruwa ya kuɓuce ya shiga, nan da nan tari ya fito da shi. Ban da wannan, cikin hanyar iska akwai waɗansu 'yan gashi ƙanana ƙwarai da ido ba ya gani, suna kaɗawa dare da rana, suna sharo majina da ƙura zuwa sama. Abin da ya tsere wa waɗannan duka ya kai can ƙasa, sai farin ƙwayoyin jini su tare shi su cinye.

Duk da wannan tsaro, murfin ba ya rufewa ruf. A shekarar 1978 waɗansu likitoci a Amurka sun gwada abin. Suka ɗiga wani ruwa mai alama a bayan hancin mutane suna barci, da safe suka duba huhunsu da na'ura. Cikin masu lafiya ƙalau, kashi 45 cikin ɗari an sami ruwan ya sauka huhu. Cikin waɗanda hankalinsu ya ɗan gushe sabo da ciwo kuwa, kashi 70 cikin ɗari. Watau ke nan kusan rabinmu, yau da dare, ɗan miyau zai zurara cikin huhunmu ba mu sani ba, kuma ba abin da zai same mu. Huhun mai lafiya ya kan share shi. Abin tambaya shi ne, me miyan ya ɗauko, kuma huhun yana da ƙarfin sharewa?

Abin da ke zaune cikin baki

Tun a shekarar 1683 wani mai sayar da yadi a garin Delft ta ƙasar Holan, sunansa Antoni van Leeuwenhoek, ya kankaro farar dauɗar nan ta haƙoransa ya duba ta da madubin ƙara girma da ya ƙera da hannunsa. Ya ga 'yan halittu ƙanana suna motsi a ciki, ya rubuta wa masanan London labari. Yanzu an san cewa iri-irin ƙwayoyin da kan zauna a bakin ɗan Adam sun kai wajen 700. Yawancinsu ba su da lahani, har ma suna tare wa miyagu wurin zama. Su kan manne a jikin haƙori su yi wani yauƙi, wanda ke soma taruwa 'yan sa'o'i kaɗan bayan an goge baki. Kurkurar ruwa kaɗai ba ta fid da shi, sai an goga.

Mai lafiya yana da abubuwan da ke rage wannan dauɗa ko bai kula ba. Yana tauna, yana magana, yana shan ruwa, bakinsa kuma yana fid da miyau wajen lita guda a yini, yana wanke ko ina. Marar lafiya ya kan rasa waɗannan duka. Ba ya cin abin kirki, an hana shi ruwa sabo da aiki, yana numfashi ta baki, waɗansu magunguna kuma suna busar da miyau. Ga shi hannunsa ba ya iya ɗaukar buroshi.

Akwai abin da ya fi wannan. A shekarar 1969 likita Johanson da abokan aikinsa a birnin Dallas na Amurka suka duba maƙogwaron mutane iri-iri. Suka tarar masu lafiya da ƙyar a ke samun waɗansu miyagun ƙwayoyi irin na hanji a maƙogwaronsu, amma marasa lafiya da ke kwance, gwargwadon tsananin ciwonsu gwargwadon yadda waɗannan ƙwayoyi ke mamaye wurin. Cikin 'yan kwanaki mazaunan baki na asali su kan ragu, baƙi su maye gurbinsu, irin su Kilebsiyela da Sudomonas. Waɗannan kuwa su ne a kan samu cikin huhun masu ciwon huhu na asibiti. Kun ga yadda zancen ya haɗu. Baki ya cika da miyagun ƙwayoyi, miyau ya ɗauke su ya zurara da dare, ya tarad da huhun da ba ya iya tari. Sai 'yan jakunkunan iska na huhu su kumbura su cika da ruwa da mugunya, numfashi ya gagara.

Su wa ya fi kamawa?

Da na jera abubuwan da ke jawo wannan ciwo, sai na ga Kawu ya tara da yawa daga cikinsu, ni kuwa ina zaune kusa da shi ban san ko ɗaya ba.

Na farko tsufa. Tarin tsoho ba shi da ƙarfi, haɗiyarsa kuma ta yi sanyi.

Na biyu duk abin da ke rage hankali: maganin barci na wurin aiki, da magungunan kashe zafi masu ƙarfi, da buguwa a kai, da suma. Wanda hankalinsa ya yi nisa ba ya jin abu ya shiga hanyar iska, balle ya yi tari.

Na uku wahalar haɗiya. Wannan ta fi yawa ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye. In kun ga marar lafiya yana ƙwarewa duk sa'ad da ya sha ruwa, ko muryarsa ta koma kamar mai kurkure maƙogwaro bayan ya haɗiye, ku gaya wa nas tun da wuri.

Na huɗu kwanciya rigingine ba motsi. Gindin huhu ba ya buɗewa sosai, majina ta taru a can. Abin da ke cikin ciki kuma ya kan taso ya komo maƙogwaro. A birnin Basalona ta ƙasar Sifen, a shekarar 1999, an gwada marasa lafiya 86 waɗanda inji ke taya su numfashi. Waɗansu aka bar su kwance shimfiɗe, waɗansu aka ɗaga kan gadonsu suka kishingiɗa. Cikin na shimfiɗe kashi 34 cikin ɗari suka nuna alamun ciwon huhu, cikin na kishingiɗe kashi 8 kurum. Sabo da bambancin ya yi yawa, sai aka tsai da gwajin tun bai kai ƙarshe ba.

Na biyar aiki a ƙirji ko a ciki. Wurin ɗinki yana zafi, mutum ya riƙa tsoron tari da jan dogon numfashi.

Na shida robobin da a kan sa wa marar lafiya, ko ta abinci da ke bi ta hanci, ko ta numfashi da ke bi ta baki. Ta numfashin nan tana riƙe murfin maƙogwaro a buɗe, shi ya sa waɗanda ke kan inji su ne suka fi kowa shiga haɗari.

Na bakwai halin da mutum ya zo da shi: shan taba, da tsohon ciwon ƙirji, da ciwon sukari, da rama ta rashin abinci. Har ila yau magungunan rage tsamin ciki, irin na gyambon ciki, su kan ƙara haɗarin kaɗan, domin tsamin nan shi ke kashe ƙwayoyin da muka haɗiye.

Na takwas daɗewa a asibiti, da hannuwan da ba a wanke ba, ko na ma'aikata ko na masu zuwa gaisuwa.

Ku duba wannan jeri da kyau. Ba mai iya mai da tsoho yaro, kuma aikin da ya zama tilas sai an yi shi. Amma dauɗar baki, da yadda mutum ke kwance, da tsabtar hannu, waɗannan suna hannun mai jinya.

Shin goge baki yana magani?

An gwada, ba zato ba ne. A ƙasar Japan likitan haƙori Yoneyama da 'yan'uwansa sun bi tsofaffi 417 a gidajen kula da tsofaffi 11 har shekara biyu, suka buga cikakken sakamakon a 2002. Rabi a kan goge musu baki bayan ko wane abinci, ma'aikacin haƙori kuma ya duba su mako-mako. Rabi aka bar su yadda suka saba. Cikin waɗanda a ke goge wa, kashi 11 cikin ɗari suka kamu da ciwon huhu. Cikin sauran, kashi 19. Waɗanda ciwon ya kashe ma sun fi yawa cikin waɗanda ba a goge wa ba.

A ƙarshen 2023 waɗansu likitoci biyu, Ehrenzeller da Klompas, suka tattara gwaje-gwaje 15 da aka yi a asibitocin ƙasashe dabam dabam, na marasa lafiya fiye da 2,700. Suka tarar goge haƙora kullum ya rage ciwon huhu na asibiti da wajen kashi ɗaya cikin uku, ya kuma rage mutuwa a ɗakin masu tsananin ciwo da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Yawancin gwaje-gwajen a kan masu numfashi da inji aka yi su, a wurinsu ne kuwa amfanin ya fi fitowa sarai. Sun kuma ga sau biyu a yini ya wadatar, ƙari a kan haka bai ƙara wani abu ba.

Da, a asibitoci da yawa an fi dogara ga wani ruwan kurkure baki mai kashe ƙwayoyi, a shafa shi da auduga. A 2022 ƙungiyoyin masana hana yaɗuwar cuta na Amurka suka sake shawara, suka sa goge haƙora da buroshi cikin abubuwan da lalle ne a yi, suka cire ruwan nan daga abin da a ke yi wa kowa. Don haka kada mai jinya ya sayo irin wannan ruwa don kansa, sai in likita ya rubuta.

Yadda a ke yi

Ga yadda Sista ta koya mini, na kuma yi wa Kawu safe da dare har muka fita.

Ka fara wanke hannunka da sabulu. Ka ta da marar lafiya zaune, in ba ya iyawa ka nemi izinin nas a ɗaga kan gadon, ko a tokare shi da matasai. Ka sami buroshi mai taushi, ko da irin na yara ne, ka sa man goge baki kamar ƙwayar wake. Ka bi haƙora a hankali, waje da ciki da wurin tauna, ka fi mai da hankali ga inda haƙori ya haɗu da dasashi, don nan dauɗa ke maƙalewa. Ka goge harshe daga baya zuwa gaba. Minti biyu ya isa. Ya tofar cikin kwano. Ka wanke buroshin ka tsai da shi ya bushe, kada ka kulle shi cikin leda da danshi, kada kuma wani ya yi amfani da shi.

Wanda ke da ƙarfin riƙe asuwakinsa, a ba shi abinsa. Ko na darbejiya ne ko na marke, ko abin da abokanmu Yarbawa ke kira pako, Ibo kuma su ce atu, duk aikin guda ne, watau kankare yauƙin nan. Sai dai a yanke bakin a sabunta shi kullum. Amma wanda ya galabaita, ba ya iya tofarwa, kada a sa masa asuwaki, don ɓarɓashin itacen na iya bin hanyar iska.

Wanda ba ya cikin hayyacinsa, ko ba ya iya haɗiya, kada a zuba masa ruwa a baki da sunan kurkura. A kira nas ta nuna yadda za a juya shi gefe a goge da buroshi mai ɗan danshi. Na kan inji kuwa aikin ma'aikata ne, suna da abin zuƙe ruwa. Naka shi ne ka tambaya cikin ladabi ko an yi. Haka kuma in dasashi yana zub da jini da yawa, a tambayi nas tukuna.

Mai haƙoran roba a cire masa su da dare a wanke. A Tokyo an bi tsofaffi masu shekara 85 zuwa sama, aka buga a 2015 cewa masu kwana da haƙoran roba a baki haɗarin ciwon huhunsu ya ninka na masu cirewa. Wanda ba shi da haƙori ko ɗaya ma a goge masa dasashi da harshe.

Ban da baki, kada a ba marar lafiya abinci yana kwance, kada a ɗura masa kunu yana gyangyaɗi. Ya ci a zaune, loma ƙanana, ya kuma dakata a zaune kamar rabin sa'a bayan ya gama. Ran da likita ya ce ya tashi ya taka, a taimake shi ya tashi, kada tausayi ya sa a ce ya ƙara hutawa. Masu zuwa gaisuwa su wanke hannu, mai mura kuwa ya aiko da gaisuwarsa daga gida.

Alamun da za a kai ƙara a kansu nan da nan su ne sabon zazzaɓi, da sabon tari, da kaki mai launin ɗorawa ko kore, da zafin ƙirji, da saurin numfashi. Babban mutum a kwance ya kan ja numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, kowa na iya ƙirgawa da agogo. A tuna kuma tsoho ya kan kamu ba tare da jikinsa ya yi zafi ba, sai dai a ga ya ruɗe ko ya ƙi abinci.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce, mu da mu ke koyon aikin malanta, ina ruwanmu da aikin asibiti? Ruwanmu biyu ne. A yawancin asibitocin ƙasar nan nas guda ta kan duba gadaje da yawa, dangi su ke ciyar da marar lafiya su yi masa wanka. Ko wanenmu wata rana zai zauna a gindin gadon uwa ko uba ko ɗa, kamar yadda na zauna. Sa'an nan kuma, in mun fita, mu za mu koyar da kiwon lafiya a makarantun firamare. Mun saba gaya wa yara su goge baki don kada haƙori ya ruɓe, don kada baki ya yi wari. Sai mu ƙara musu na uku, mu zana musu hanya biyun nan ta maƙogwaro a allo, su ga inda miyau ke bi. Yaron da ya gane wannan, ran da aka kwantar da kakarsa, shi zai tuna wa manya su sa buroshi cikin kayan da za a kai asibiti, tare da bargo da kwano da buta.

Kawu yanzu yana takawa da sanda. Da na je gaishe shi kafin in komo kwaleji, na tarar da shi a zaure da asuwakinsa a baki. Ya ce, "Ɗan nan, ashe abin da na ke yi shekara da shekaru magani ne ban sani ba." Na ce, "Kawu, ni ma da na ke makaranta sai a kanka na sani."

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri, amin.